Eleanor, Akuya da Alƙali: Yadda suna da gyara ke yanke wa tsofaffin motocin Amurka farashi

A watan Mayun 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke hukunci a kan wata tambaya da za ta ba mutum dariya idan ya ji ta a karon farko: shin mota za ta iya zama 'yar wasan fim? Motar da ake magana a kanta Ford Mustang ce mai suna Eleanor. Alƙalai suka ce a'a, Eleanor kayan aikin fim ce kawai, kamar kujera ko bindigar da ɗan wasa ke riƙewa. Amma kafin a kai ga wannan hukunci an kwashe shekaru ana shari'a, an kashe kuɗi masu yawa, har wani ya rasa motar da yake haɗawa da hannunsa. Duk a kan suna.

Eleanor tana cikin jinsin motocin da Amurkawa ke kira "muscle car", wato motoci masu ƙwanji. Yau sun haura shekara 50 da ƙerawa, amma kasuwarsu tana ci, kuma abu biyu ne ke yanke musu farashi: sunan da suke ɗauke da shi, da irin gyaran da aka yi musu ko aka ƙi yi.

Daga ina suka fito?

Dabarar mai sauƙi ce. A ɗauki mota matsakaiciya mai ƙofa biyu, wadda talaka zai iya saya, a cusa mata injin babbar mota. Injin kuwa V8 ne, mai silinda 8, huɗu a dama huɗu a hagu, shi ke ba da wannan gurnani da ake ji tun kafin motar ta shawo kwana.

Yawanci ana fara lissafi ne daga Pontiac GTO ta 1964. A lokacin kamfanin General Motors yana da doka cewa kada a sa wa matsakaitan motoci injin da ya wuce wani girma. Sai injiniya John DeLorean da abokan aikinsa suka zagaya dokar: ba su kira ta sabuwar mota ba, suka ce ƙari ne da mai sayen Pontiac Tempest zai iya zaɓa idan ya biya kusan dala 300. Ƙarin nan ya haɗa da inji mai lita 6.4. A shekarar farko aka sayar da sama da 32,000, abin da ya zarce duk hasashen kamfanin.

A shekarar dai Ford ta fito da Mustang, ranar 17 ga Afrilu, a bikin baje kolin duniya na New York. Cikin shekara guda ta sayar da fiye da 400,000. Daga nan gasa ta ɓarke. Chevrolet ta kawo Camaro da Chevelle SS, Dodge ta kawo Charger da Challenger, Plymouth ta kawo Road Runner da Barracuda. Zuwa 1970 akwai Chevelle mai injin lita 7.4 da ƙarfin doki 450, wadda matashi zai shiga shago ya saya ya fito da ita titi.

Abin bai daɗe ba. Kamfanonin inshora suka tsauwala kuɗi saboda yawan haɗurra. Dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi. Sai kuma watan Oktoban 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka dakatar da sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin wannan shekara. Layi ya yi tsawo a gidajen mai, ga mota da ƙyar take cin kilomita 5 da lita guda. Wa zai saya? GTO ta asali ta tsaya a 1974. Dubban motoci suka ƙare a bola da bayan gidaje, tsatsa na cin su. Ƙarancin waɗanda suka tsira shi ya sa yau suka zama zinariya.

Suna linzami

Masu ƙera motocin nan sun san darajar suna. Mustang sunan dokin jeji ne na yammacin Amurka. Barracuda wani kifi ne mai kaifin haƙora. GTO kuwa aro aka yi daga wata motar tsere ta Ferrari, abin da ya ɓata wa masoya motocin Italiya rai, amma matasan Amurka ba ruwansu, suka juya haruffan suka riƙa ce mata Akuya da harshensu. A 1969 Pontiac ta fitar da wani samfurinta mai suna Alƙali, daga wata barkwanci da ake yi a talabijin. Injin Hemi na Chrysler mai lita 7 kuwa, saboda girmansa, Giwa ake ce masa. Plymouth ma sai da ta biya kamfanin Warner Bros dala 50,000 don ta yi amfani da suna da hoton tsuntsun katun ɗin nan mai gudu, Road Runner, har aka yi wa motar oda mai kukan tsuntsun.

Raɗa wa abin hawa suna ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Littattafan sira sun kawo cewa taguwar Manzon Allah (SAW) sunanta Ƙaswa, alfadararsa kuma Duldul. Direbobin manyan motoci da na haya, daga Kumasi har Garwa, suna rubuta wa motocinsu take a goshi ko a baya, har fasinja ya fi sanin motar da taken fiye da lambarta. A kasuwannin mota na Najeriya ma akwai Toyota Camry ƙirar 2007 da dillalai ke kira "Muscle", ko da yake ba ta haɗa komai da waɗannan na Amurka ba sai faɗin ƙirji.

Amma suna yakan zo da kaya. Dodge Charger ta 1969 da ta yi fice a shirin talabijin na The Dukes of Hazzard sunanta General Lee, sunan babban kwamandan sojojin kudancin Amurka da suka yi yaƙi don kare bautar da baƙar fata, kuma a rufinta an zana tutarsu. A 2015, bayan wani ɗan wariyar launin fata ya kashe baƙaƙe 9 a wani coci a Charleston, Warner Bros ta daina ba da izinin yin kayan wasan yara masu ɗauke da tutar. Wanda ya yi wa motarsa wannan fenti a yau, ya san ba fenti kaɗai ya ɗauka ba.

Rigimar Eleanor

Eleanor ta fara fitowa ne a fim ɗin Gone in 60 Seconds na 1974, wanda H.B. Halicki ya shirya. Labarin ɓarayin mota ne da aka ba kwangilar sato motoci 48, suka raɗa wa kowace sunan mace don kada a gane zancensu. Eleanor, Mustang mai ruwan ɗorawa, ita ce ta ba su wahala. A 2000 aka sake yin fim ɗin da Nicolas Cage, sai Eleanor ta koma Mustang ta 1967 mai ruwan toka da baƙin zane, wadda aka yi wa siffar Shelby GT500. Abin lura, motocin da aka yi fim ɗin da su ba Shelby na gaskiya ba ne, Mustang ne na gama-gari aka yi wa kwaskwarima. Duk da haka ɗaya daga cikinsu ta yi dala miliyan 1 a gwanjo a 2013.

Bayan fim ɗin kowa sai ya ce shi ma Eleanor yake so. Garejoji suka shiga haɗa irinta. Matar marigayi Halicki, Denice, ta ce Eleanor mallakinta ce, ta riƙa maka masu haɗawa a kotu. A 2020 wani mai tashar YouTube da ke nuna wa mabiyansa yadda yake haɗa tasa ya sanar cewa dole ta sa ya cire bidiyoyin, motar ma ta bar hannunsa.

Akwai abin da lauyoyinta suka dogara da shi: a 2015 wannan kotun ta ce Batmobile, motar Batman, tana da kariyar haƙƙin mallaka kamar ɗan wasa. Amma a shari'arta da magadan harkar Carroll Shelby, kotun ƙasa a 2022, sannan ta ɗaukaka ƙara a 2025, suka ce ba ɗaya ba ne. Eleanor ba ta da wani hali nata na kanta, kamanninta ma suna canzawa daga fim zuwa fim.

A gyara ko a bari?

Nan ne masu motocin suka rabu gida biyu. Ɓangare na farko sun ce a mayar da mota daidai yadda ta fito daga kamfani, har kan ƙusa. Abin da suka fi nema shi ne lambar da aka buga a jikin inji da giya ta dace da lambar bodi, shaida cewa ba a taɓa canza su ba. Irin wannan ce Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi da aka sayar dala miliyan 3.5 a 2014, domin waɗanda aka ƙera a shekarar ba su wuce 12 ba.

Wasu ma cewa suke kada a taɓa fentin. Mustang koriya ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt ta shiga hannun wani iyali a 1974, suka yi ta zirga-zirgar yau da kullum da ita, sannan suka ajiye ta shekara da shekaru. McQueen da kansa ya rubuta wasiƙa a 1977 yana neman a sayar masa, aka ƙi. A watan Janairun 2020 aka yi gwanjonta a Florida, fenti ya koɗe, ga tsatsa ga lotsawa, ta tashi dala miliyan 3.74. Da wani mai son gwaninta ya feshe ta da sabon fenti, da ya wanke wani kaso na kuɗin nan da hannunsa.

Ɓangare na biyu kuwa sun ce mota don hawa aka yi ta. Su barin siffar waje suke yi yadda take, su sabunta ciki. Kuma suna da hujja, don gaskiya motocin nan sun iya gudu amma ba su iya tsayawa ba. Da yawa sun fito da birki mai ganga, wanda idan ya yi zafi sai ya daina kamawa. Shi ya sa ƙwararru ke cewa a fara da birki mai faifai, da tayoyin zamani, da shokazoba, da bel ɗin kujera mai ratsa kafaɗa, kafin a yi zancen ƙara ƙarfi. Wanda ya ninka ƙarfin inji a kan tsohon birki, kabarinsa yake haƙawa.

Bayan nan sai lagireto na alminiyom don kada inji ya yi zafi a cunkoso, da sabbin wayoyin wuta, da cire kafireto a sa na'urar fesa mai da kwamfuta ke sarrafawa, wadda ke sa mota ta tashi bugu ɗaya da safe kuma ta rage shan mai. Akwai kuma batun man fetur: an ƙera injinan ne a zamanin mai mai dalma, wanda ke kare mazaunin bawul daga cinyewa. Yanzu an daina irin wannan mai, don haka mai sake ɗaura inji yakan sa mazauni mai tauri. Wanda aljihunsa ya yi nauyi kuwa, sabon inji yake saya a cikin akwati daga kamfani, kamar LS na General Motors, ko Coyote na Ford mai lita 5, ko na Dodge mai ƙarfin doki 707.

Masu wayo sukan bi tsakiya: duk abin da za su canza, mai ɗaurewa da ƙusa ne, ba mai yanka da walda ba, sannan su adana tsohon inji da kayansa. Ranar da za a sayar, ana iya mayar da komai wurinsa. Kuma ƙa'idar a bayyane take, idan motar gama-gari ce mai ƙaramin inji, sabuntawa na ƙara mata daraja. Idan kuwa cikin 'yan ƙalilan take, kowane canji ragi ne.

Inda algus ke shigowa

Tunda haruffa biyu a jikin bodi na iya ninka farashi, dole a samu masu ha'inci. Chevelle ta gama-gari a manna mata tambarin SS, Tempest a mayar da ita GTO. Idan mai ita ya faɗa cewa kwaikwayo ce, babu laifi, tana da kasuwarta. Matsalar ita ce wanda zai ɓoye, har ya cire lambar bodi daga wata ruɓaɓɓiyar mota ya liƙa wa wata, wanda laifi ne a dokar Amurka. Shi ya sa masu saye ke neman takardun kamfani kafin su biya. Na Ford akwai rahoton Marti, wanda ke nuna yadda motar ta fito daga masana'anta, da launinta da injinta. Na Pontiac ma akwai masu ajiye irin waɗannan bayanai.

Wannan darasi bai tsaya a Amurka ba. Duk wanda ya taɓa sayen mota ta hannu a Accra, ko ya kai gyara Suame Magazine a Kumasi, ya san motar da aka mayar wa mita baya, ko wadda ta yi haɗari aka cike ta da foti aka fesa fenti. Shari'armu ta hana ɓoye aibin haja, kuma ta ba mai saye damar mayar da ita idan ya gano. Makanikanmu suna da hannun da zai tayar da motar da aka fidda rai da ita, wannan ba a musu. Abin da ya rage shi ne al'adar ajiye tarihi: a rubuta abin da aka canza, da ranar da aka canza, a ajiye rasit, a miƙa wa wanda ya saya. Tsohuwar Fijo 504 ko Marsandi da ke ajiye a bayan gida yau, wata rana wani zai zo nemanta, kuma abin da zai fara tambaya shi ne ko injin nata ne na asali.