Ƙwallon Gelik a Ayalan: Atisayen ƙwararru, hutun ma'aikata, da gwiwar da ke biyan bashin

A ranar wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Gelik, filin Croke Park da ke Dublin, babban birnin Jamhuriyar Ayalan, yakan cika maƙil da 'yan kallo fiye da 82,000. Ana nuna wasan a talabijin, tikiti kuma sai mai rabo. Amma a cikin 'yan wasa 30 da ke fafatawa a filin, babu ko ɗaya da ke karɓar albashin wasa. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan banki, da 'yan sanda, da manoma, da ɗalibai, waɗanda bayan an ɗaga kofin Sam Maguire kowannensu zai koma bakin aikinsa.

Haka tsarin yake tun da aka kafa ƙungiyar GAA a garin Thurles ranar 1 ga Nuwamban 1884 domin raya wasannin gargajiyar ƙasar. Ɗan wasa yana buga wa ƙungiyar garinsu, idan ya yi fice kuma a kira shi ya wakilci gundumarsa. Abin da yake samu bai wuce kuɗin mota, da abinci, da kayan wasa, da ɗan tallafin gwamnati ba. A yau wannan tsari na fuskantar tambaya mai nauyi, kuma gwiwoyin 'yan wasan ne suka fi tayar da ita.

Wasan kansa mai cin gwiwa ne. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, a filin da tsawonsa kan kai mita 145, wanda ya fi na ƙwallon ƙafa girma nesa ba kusa ba. Ana riƙe ƙwallo da hannu, ana buga ta da ƙafa, ana tsalle a cafe ta a sama, ana bangaje juna kafaɗa da kafaɗa. A wasan gunduma na minti 70, ɗan wasa kan yi gudun kilomita 8 zuwa 9, cike da tsayawa kwatsam da juyawa da dira a kan ƙafa ɗaya.

A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, suna ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta gaban, wadda likitoci ke kira ACL, ita ke hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa. Mafi yawan tsinkewarta na faruwa ne ba tare da wani ya taɓa ɗan wasa ba: tafin ƙafa ya kafe a ƙasa, jiki ya juya, gwiwa ta karkata ciki, sai a ji ƙara. Raunin tsokar bayan cinya ya fi yawa a wannan wasa, amma yawanci makonni yake ci. Tsinkewar jijiyar gwiwa kuwa kan kai ga tiyata, inda ake yanko wata jijiya daga jikin mutum a maye gurbinta, sannan a shafe wata 9 zuwa 12 ana gashi da motsa jiki. Ko bayan warkewa, haɗarin amosanin gaɓɓai a wannan gwiwa yana ƙaruwa idan shekaru suka ja. Mata, waɗanda ke da tasu ƙungiyar ƙwallon Gelik tun 1974, sun fi maza fuskantar wannan rauni.

Masu bin wasan ba su manta da Colm Cooper na gundumar Kerry ba, ma'aikacin banki kuma ɗaya daga cikin gwanayen zamaninsa. A watan Fabrairun 2014 jijiyarsa ta tsinke yana buga wa ƙungiyar garinsu, Dr Crokes, kuma Kerry ta ci kofin ƙasa a shekarar ba tare da ya taka fili ba. Colm O'Neill na Cork sau uku abin ya same shi, a 2008 da 2011 da 2013, kowane karo yana dawowa, har ya haƙura da wasan gunduma a 2018 bai cika shekara 30 ba.

Me ke gajiyar da waɗannan gwiwoyi? A 2018 cibiyar binciken tattalin arziki da zamantakewa ta ƙasar, ESRI, ta fitar da rahoto kan 'yan wasan gunduma, inda ta gano cewa lokacin da suke bai wa wasan kan kai awa 31 a mako idan gasa ta kankama. Wannan ya haɗa da atisayen fili, da ɗaga ƙarfe, da tarurrukan nazarin bidiyo, da tafiye-tafiye. Duk wannan ɗori ne a kan cikakken aikin ofis ko karatu. Ɗan wasan da ke aiki a Dublin alhali gundumarsa Mayo ce ko Donegal, yakan tashi daga aiki ya yi tuƙin awa uku ko fiye, ya yi atisaye, ya juyo cikin dare, da safe kuma ya kasance a ofis. Rahoton ya nuna cewa barci da zama da iyali su ne ake yankewa domin cike giɓin.

Ƙwararren ɗan ƙwallon ƙafa a Ingila yana atisaye da safe, ya ci abinci, a yi masa tausa, ya kwanta. Hutun nan wani ɓangare ne na aikinsa, domin a lokacinsa ne tsoka ke gyara kanta. Ɗan wasan Gelik ya ɗauki nauyin atisayen ƙwararru, amma hutunsa na ma'aikaci ne. Tsokar da ta gaji ba ta riƙe gwiwa da sauri lokacin dira ko juyawa, sai nauyin ya koma kan jijiya.

Matasa sun fi shan wahala. Yaro mai shekara 19 da ya yi fice zai iya samun kansa a ƙungiyar garinsu, da ta jami'a a gasar Sigerson, da ta 'yan ƙasa da shekara 20, da babbar ƙungiyar gunduma, duk a lokaci ɗaya. Kowane mai horarwa yana da jadawalinsa, kuma babu mai lissafa jimillar abin da ke kan yaron.

Binciken da Shane Malone da abokan aikinsa suka yi kan 'yan wasan gunduma ya nuna cewa ƙara nauyin atisaye farat ɗaya yana tare da ƙaruwar rauni, sannan masu juriyar numfashi da waɗanda suka daɗe a fagen sun fi jure irin wannan hauhawa. Masana na jayayya kan ma'aunin lissafin da ake amfani da shi, amma sun yarda da tushen maganar: jikin da aka gina sannu a hankali ya fi tsira daga wanda aka ɗora wa kaya rana ɗaya.

Gaggawar dawowa ita ma tarko ce. Bernard Brogan na Dublin ya ji raunin a atisaye a Fabrairun 2018, ya koma fili a watan Agusta, aka yi ta yaba masa. Sai dai wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin Oslo da Delaware da aka buga a 2016 ya gano cewa kowane wata da aka jinkirta komawa wasa, har zuwa wata na 9 bayan tiyata, yana rage haɗarin sake rauni da kusan rabi. Ɗan wasan da ke tsoron rasa gurbinsa ba kasafai yake da wannan haƙuri ba.

Idan abin ya faru, asarar kan bi mutum har gida. Ƙwararre yana jinya albashinsa na shiga. Magini ko manomi da ke dogara sanda kuwa sana'arsa ta tsaya. GAA na da asusun tallafa wa waɗanda suka ji rauni, wanda ke biyan wani ɓangare na kuɗin asibiti da na albashin da aka rasa, amma yana da iyaka, kuma ƙungiyar da kanta tana jaddada cewa ba inshora ba ne. Abin da ya rage, ɗan wasa ko ƙungiyar garinsu ke nemowa.

Hukumomin wasan sun ɗauki matakai. A 2018 an sauke shekarun rukunin matasa daga 18 zuwa 17, da kuma daga 21 zuwa 20, domin rage cin karo da wasan manya. Daga 2022 aka dawo da wasan ƙarshe na gundumomi watan Yuli, aka bar sauran shekara ga ƙungiyoyin garuruwa. Akwai kuma GAA 15, tsarin ɗumama jiki na kimanin minti 15 da ke koyar da dira da juyawa da ƙarfafa cinya, irin wanda bincike a wasu wasanni ya tabbatar yana rage raunin gwiwa idan aka lizimce shi.

Duk da haka gwanin ɗan wasa yakan gama da gunduma ya faɗa gasar garinsu kai tsaye, wadda kan kai shi hunturu, lokacin da atisayen sabuwar kaka ya riga ya fara. Sababbin dokokin 2025 kuma sun ƙara wa wasan sauri. Na'urar da ake maƙala wa ɗan wasa a baya tana ƙirga kowace mita da ya gudu a fili, amma ba ta ƙirga awa takwas na ofis, ko awa shida a mota, ko barcin da bai samu ba. Mai horarwar da ke son gwiwoyin yaransa su kai ƙarshen kaka, sai ya tambayi waɗannan da bakinsa kafin ya tsara atisayen mako.