Kama Da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Tantance Baƙin Ƙudan Makantar Kogi

A bakin kogunan da ruwansu ke gudu da ƙarfi akwai wani baƙin ƙuda ɗan mitsitsi da ke cizo da rana. Tamatar ce ke shan jini, ita ce kuma ke ɗaukar tsutsar makantar kogi daga jikin wani ta kai wa wani. Ciwon kan fara da ƙaiƙayi mai hana barci, ya ɓata fata, a ƙarshe ya tafi da ido. Shi ya sa a da manoma suka riƙa barin fadamu masu albarka suna komawa tudu.

An daɗe ana ɗaukar ƙudan da masana ke kira Simulium damnosum a matsayin iri ɗaya. Daga baya aka gane dangi ne masu yawa da ido ba ya iya rarrabe su, ko da madubin likita. A 1975 Vajime da Dunbar suka bambance su ta hanyar nazarin zaren gado da ke cikin jakar yawun tsutsar ƙudan. Bambancin kuwa ba ƙarami ba ne. Irin da ke zaune a sararin sabana, kamar sirbanum, shi ne ke yawo inda makanta ta fi muni, kuma iska kan kwashe shi tafiyar ɗaruruwan kilomita ya koma yankin da aka riga aka yi wa feshi.

Sai dai waccan hanya tsutsar ƙuda take buƙata, alhali babban ƙuda ne ke cizo. Nan gwajin ƙwayoyin gado, wato DNA, ya shigo. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo dabarar karanta wani guntun sashe mai haruffa kusan 650, a gwada shi da na nau'o'in da aka riga aka sani. Ƙafar ƙuda ɗaya ta isa. Dabarar na raba nau'o'i da dama, amma ga dangin damnosum da suka yi kusa ainun ba kullum take wadatarwa ba, sai an haɗa da wasu sassan gadon da kuma tsohuwar hanyar.

Gwajin yana kuma nuna ko ƙuda na ɗauke da cutar. Akan tara dubban ƙudaje, a niƙa kawunansu rukuni-rukuni, a nemi alamar tsutsar cutar. Irin wannan shaida Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema kafin a daina rarraba Mectizan, maganin cutar. A Janairun 2025 ta tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ƙasa ta farko a Afirka.

Najeriya har yanzu na cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa katutu. Wajibi ne gwamnatoci su tanadar wa jami'o'inmu ɗakunan gwaji, su kuma kula da haƙƙin mutanen ƙauyen da ke zama a bakin ruwa suna kama ƙudajen.