Gurbin da ba a taɓawa, amma ba ya ciruwa

Duk mai rubuta manhaja ya san gargaɗin nan: ka buɗe wa fankshin gurbin karɓar wani abu, wato farameta, har ka gama ba ka taɓa ta ba. A ƙananan kayan gwajin manhaja abin ya fi yawa, kuma kowane harshe da yadda yake ɗaukarsa.

Go, wanda Google ta fitar a 2009, ba ya wasa da tarkace. Ka ajiye bariyabul cikin fankshin ba ka yi aiki da shi ba, kampaila ya ƙi haɗa manhajar ƙememe. Amma farametar da aka yi banza da ita, ko kallo ba ta ishe shi ba. Zig na Andrew Kelley kuwa ko ita ba ya ɗaga wa ƙafa, sai ka rubuta _ = x kafin ka wuce. Masu C sun daɗe da tasu dabarar, (void)x, layin da ba ya aikin komai sai rufe bakin kampaila. C++ ta yarda a bar gurbin ba suna tun da jimawa, C ba ta bi sahu ba sai a C23.

Wani gurbin kuma ba ya ciruwa ko da ba a taɓa shi: a Windows, fankshin ɗin WinMain har gobe yana karɓar farametar hPrevInstance, ragowar zamanin bit 16. Tun da aka koma bit 32 fanko yake zuwa.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne cikin kayan gwajin kansu. Mocha na JavaScript ƙirga farametocin gwajinka yake yi. Da ya ga ka sa farametar done, sai ya tsaya jiran ka kira ta. Ba ka kira ba, bayan daƙiƙa 2 ya ce gwajin ya faɗi, ko da komai na ciki daidai ne. Express na JavaScript ma, ko da yake ba kayan gwaji ba ne, ƙirga yake: fankshin mai kula da kuskure dole farametocinsa su cika 4. Ka goge farametar next don ba ta aiki, shi ke nan, kurakurai su riƙa wuce shi.

Na pytest a Python ya fi ci mini rai, domin nan ne masu koyo suka fi shan wahala. Sunan farametar shi ne saƙon: pytest ya gani, ya nemo fiksca, wato fankshin share fage, mai wannan suna, ya shirya rumbun bayanai ko ya share fayilolin wucin gadi kafin gwaji ya fara. Sai Pylint, mai duba kurakuran rubutun Python, ya zo da gargaɗin W0613 yana cewa ba a amfani da ita. Wanda bai sani ba ya goge, gwajin ya gudana a kan rumbun da ba a shirya ba. In kuma ya sa mata layin ƙasa a gaba kamar yadda ake yi a Rust, pytest ya ce bai san fiksca mai wannan suna ba. A gani na, rubuta @pytest.mark.usefixtures a saman gwajin ya fi, don mai zuwa bayanka ya ga dalili ƙarara.