JIRGIN KWALI DA JIRGIN KARA

Kwanan baya muna rangadin makarantu, muka kwana a Gwandu, kashegari muka nufi Kalgo. A can, bayan an tashi daga makaranta, muka iske wani yaro ɗan aji biyar a gindin darbejiya yana jan wani abu da zare. Da muka matso, ashe jirgin sama ne ya yi da karan dawa. Ya fere totuwa ya yi jiki, ya tsaga ɓawon karan ya yi fukafukai, ya soke su da ƙaya. Aikin ya yi kyau, sai dai fiffike ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ƙafafun kuma sun kusa kai girman jikin. Muka tambaye shi wane irin jirgi ne wannan. Ya ce shi dai jirgi ne, irin wanda yakan hanga ya nufi filin Ambursa.

Abokin tafiyarmu, wani malamin koyar da aikin hannu, ya daɗe yana juya jirgin nan a tafinsa. Shi kuwa yana cikin mutanen nan da Allah ya jarrabe su da son haɗa ƙananan jiragen kwaikwayo. Da dare ya yi, hirarmu duka a kan wannan ta ƙare, muka ga ya kamata mu kawo ta gaban malaman makaranta da akawuna masu karanta wannan jarida.

Ga yadda abin yake. Akwai kamfanoni a Turai da Asiya da ke zuba sassan jirgi da roba, ƙanana ƙanana, su sa a kwali tare da takardar bayani da alamomin mannawa. Wanda ya saya shi zai yanke sassan, ya haɗa da gam, ya shafa fenti, har abin ya fito kamar jirgin gaske an ƙanƙantar da shi. A Ingila aka fara yin na roba cikin 1936, da sunan Frog Penguin. Cikin shekarun 1950 kamfanin Airfix ya sauƙaƙa kuɗinsu har suka koma sule biyu, 'yan makaranta suka iya saye. Sirrin abin duka yana ga awo. Mafi shahara shi ne ɗaya bisa 72, watau inci ɗaya a jikin ƙaramin yana madadin ƙafa shida a jikin babban. Akwai kuma ɗaya bisa 48, da ɗaya bisa 32.

Masu wannan sha'awa suna da wata al'ada. Da shekara ta zo ƙarshe sai su shiga cinke, kowa yana faɗin jirgin da yake zaton za a fitar, domin a watan Janairu ne Airfix kan bayyana sababbin kayansa, a daidai lokacin nan ne kuma akan yi babbar kasuwar kayan wasa a birnin Nurembag na Jamus. Wannan ya ce jirgin Jamus kaza na Yaƙin Duniya na Farko za a yi, wancan ya ce a'a, na Faransa ne. Malaminmu shi ma yana da nasa. Kowace shekara fatansa ɗaya ne, a fitar da jirgi mai suna DH.9A cikin kwali mai araha, da lambobin jiragen da suka sauka Kano cikin 1925.

Dalilinsa mai ƙarfi ne. Ran 27 ga Oktoba, 1925, jirage uku irin wannan, na runduna ta 47 ta sojan saman Ingila, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, shugabansu wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Suka bi ta Sudan, suka ratsa ƙasar Cadi, suka shigo ta Barno, ran 1 ga Nuwamba suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. Daga nan suka zarce Kaduna, kana suka juya, suka isa gida ran 19 ga wata. Wannan tafiya ita ce ta share hanyar da jiragen kamfanin Imperial Airways suka soma bi daga Hartum zuwa Kano cikin 1936. Ita ce kuma hanyar da aka dogara da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da tun daga 1940 ake kawo jiragen yaƙi a akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a haɗa su a can, su bi ta Ikko da Kano da Maiduguri zuwa Masar. A Nuwamba ta 2025 saukar nan ta farko ta cika shekara 100, amma a ajin da muka shiga a rangadin nan, ba mu sami yaro ɗaya da ya taɓa jin labarinta ba.

To, ko fatan malamin zai cika? Mu dai ba mu ga alama ba. Kafin a zuba jirgi ɗaya sai an sassaƙa mazubin ƙarfe, wannan kuwa yana cin kuɗi masu yawa, saboda haka kamfani ba ya yin sa sai ya tabbata dubban mutane za su saya. Jiragen farko masu fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya, suna da sanduna da wayoyi masu wuyar ɗaurawa, masu sayensu ba su kai na Spitfire yawa ba. Wani kamfani na ƙasar Niyuzilan mai suna Wingnut Wings, wanda ya keɓe kansa ga jiragen Yaƙin Farko, ya taɓa fitar da DH.9A a awon ɗaya bisa 32, amma da tsada, cikin 2020 kuma ya rufe. Waɗansu daga cikin ma'aikatansa suka kafa nasu mai suna Kotare, abin da suka fara fitarwa kuwa Spitfire ne. Kasuwa ke nan. Ko da an fitar ma, a lissafa kuɗin kwalin da na aikowa da na fenti, a gani ko akwai makarantar da za ta iya saya wa aji guda.

Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mu a ganinmu, abin da malamin yake jira daga ƙetaren teku yana nan a gonakin Gwandu da Kalgo bayan kaka. A tuna fa, jirgin nan na 1925 galibinsa katako ne aka lulluɓe da yadi, aka ɗaure da waya. In an ɗebe injinsa mai ƙarfin doki 400, ya fi kusa da aikin kara bisa ga aikin roba. Yaron nan na Kalgo hannu gare shi. Abu biyu ne ba a ba shi ba, awo da labari, dukansu kuwa aikin malami ne.

Ga abin da muke roƙon malamai su gwada. Faɗin fukafukan DH.9A daga wannan gefe zuwa wancan wajen mita 14 ne, tsawon jikinsa kuwa mita 9 da 'yan kai. A ɗauki awon ɗaya bisa 20, domin ya fi sauƙin lissafi, kara kuma yana ɗaukarsa. Fukafukai za su zama santimita 70, jiki 46. Kada malam ya faɗa wa yara amsar. Ya rubuta awon babban a allo, su raba da kansu. Sa'an nan ya tambaye su, in matuƙin jirgin tsawonsa santimita 170 ne, nawa zai zama a nasu? In suka samo takwas da rabi, su fere shi da totuwa su zaunar a kujerar gaba, su fere na biyu su sa a ta baya, gama mutum biyu jirgin yake ɗauka. Jiki a yi da kara mai kauri, fukafukai da ɓawo a lulluɓe da takarda ko tsohon farin ƙyalle, sanduna da tsinken tsintsiya, wayoyi da zaren ɗinki, farfela da tukurwa, a manne da ƙaro. Ba a bukatar ko kwabo.

In jiragen uku sun kammala, a zana taswira a ƙasa a filin makaranta, a sa dutse a Alƙahira, da Hartum, da Maiduguri, da Kano, da Kaduna, yara su ɗauki jiragensu su bi hanyar. A darasi guda an sami lissafi, da labarin ƙasa, da tarihi, da aikin hannu. Ya kamata kuma malam ya gaya musu gaskiya, cewa jiragen nan na yaƙi ne, na masu mulkin mallaka ne, ba don ziyara kaɗai aka kawo su ba, har da nuna ƙarfi. Yaro ya san wannan ma ilmi ne.

Wani zai ce wannan wasa ne, ga jarrabawa a gaba. Amsarmu ita ce, mun sha ganin ɗalibin da ya haddace ƙa'idar raba lamba amma ba ya iya auna ɗaki ya zana shi a takarda. Jami'ar Tarayya da aka kafa cikin 2013 tana nan a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, filin jirgin sama kuma yana Ambursa. Injiniyan da waɗannan wurare za su bukata gobe, yau yana gindin darbejiya da karansa.

Daga cikin jiragen DH.9A kusan 2,000 da aka ƙera, ɗaya tak ya rage, yana ajiye a gidan tarihin sojan sama a birnin Landan. Kaɗan ne daga cikin yaranmu za su je su gan shi. Amma malaminmu ya yi mana alkawari, ko an fitar da kwalinsa ko ba a fitar ba, da an yanke dawa zai koma Kalgo da ma'auni a aljihu ya nemi yaron nan. Duk malamin da ya gwada a ajinsa, muna so ya rubuto mana yadda aka ƙare. Allah ya sa mu dace, amin.