Busquets da Sana'ar Lamba Shida

Kafin ƙwallo ta iso ƙafar Sergio Busquets na Barcelona, ya riga ya gama rabin aikinsa. Tana wurin Piqué a baya, shi kuma yana tsaye kusa da da'irar tsakiyar fili, ya waiga hagu, ya waiga dama, ya sake waigawa. Ya ga abokin hamayya ya taho a guje ta bayansa, ya ga inda Xavi ya tsaya, ya ga Iniesta ya fara zamewa gefe. Ƙwallo na isowa sai ya taka ta da tafin ƙafa, ya ɗan ja ta baya, wanda ya kwaso gudu ya wuce fuu, shi kuma ya miƙa wa Xavi a tazarar taku goma. Ba wanda zai tashi tsaye a gidan kallo saboda wannan. Amma daga nan harin ya tashi, kuma mutum ɗaya na abokan hamayya ya riga ya fita daga lissafi.

Wannan ita ce sana'ar da masu kallo ke kira lamba shida: ɗan tsakiyar da ke zaune a gaban masu tsaron baya, ya karɓi ƙwallo daga gare su ya raba, idan kuma ta kuɓuce ya tare hanya kafin wuta ta kai gida. A yawancin ƙungiyoyi ana ba ƙaƙƙarfa ne wannan gurbi, mai gudu, mai shiga da ƙarfi. Busquets dogo ne siriri, mita 1.89, ba shi da gudun a zo a gani, ba ya dukan ƙwallo daga nesa. Wasa 722 ya buga wa Barcelona, ƙwallayen da ya ci ba su kai ashirin ba.

An haife shi ranar 16 ga Yuli, 1988 a Sabadell, ya tashi a Badia del Vallès, wani ƙaramin garin ma'aikata a gefen birnin Barcelona. Ƙwallo gado ce a gidansu, don mahaifinsa, Carles Busquets, ya tsare wa Barcelona raga a zamanin Johan Cruyff, kuma an san shi da son wasa da ƙafa. Duk da haka ɗan bai shiga makarantar ƙungiyar, La Masia, da wuri ba. Sai a 2005, yana kusan shekara 17, suka ɗauko shi daga Jàbac ta Terrassa. A 2007 aka ba Pep Guardiola ƙungiyar Barcelona ta biyu, wadda ta faɗa har rukuni na huɗu na ƙwallon Sifaniya. Guardiola kansa wannan gurbin ya buga a ƙarƙashin Cruyff, saboda haka ya san abin da yake gani. Da aka ɗaga shi zuwa babbar ƙungiya a 2008, ya tafi da yaronsa. Ranar 13 ga Satumba, 2008, bayan sun sha kashi a hannun Numancia a wasan farko na kaka, Guardiola ya sa Busquets a wasa da Racing Santander a Camp Nou. An tashi 1-1. Wata takwas bayan nan, yaron da a kakar da ta gabata yake buga wasa a ƙananan filayen Kataloniya ya fito cikin sha ɗayan farko a wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a birnin Rum, suka doke Manchester United 2-0.

A daren nan Yaya Touré na Kodebuwa, wanda shi ne mai gurbin tun asali, tsaron baya ya koma, saboda dakatarwa da rauni sun rage masu tsaron baya. Mu nan Afirka ta Yamma da yawa ba mu ji daɗin yadda lamarin ya ƙare ba, don a 2010 Yaya ya tattara ya koma Manchester City. Kuma gaskiya, idan ana maganar ƙarfi da cin ƙwallo da ɗaukar wasa a ka, Yaya ya fi shi nesa ba kusa ba, ya kuma nuna haka a Ingila. Sai dai abin da Guardiola ke nema daban ne. Yaya idan ya karɓi ƙwallo so yake ya tafi da ita. Guardiola mutumin da zai zauna yake so, ya taɓa sau ɗaya ko biyu ya saki. An kawo Javier Mascherano daga Liverpool a 2010, kaftin ɗin Ajantina, shi ma tsaron baya ya koma. An kawo Alex Song na Kamaru daga Arsenal a 2012, bai samu wurin zama ba.

Tushen sana'ar yana cikin wani atisaye da ake yi kullum a Barcelona, wanda suke kira rondo: 'yan wasa su yi da'ira suna ba juna ƙwallo da taɓawa ɗaya, mutum ɗaya ko biyu a tsakiya suna ƙoƙarin ƙwacewa. Wanda ya ɓata ya shiga tsakiya. A nan ake koyon tsayuwa a karkace yadda ido zai ga mai ba ka da wanda za ka ba, da karɓa da ƙafar da ta fi nisa da abokin hamayya. Busquets ya ƙara nasa a kai. Yakan buɗe jiki ya kalli gefe kamar can zai tura, 'yan tsakiyar hamayya su karkata, sai ya soka ta tsakaninsu kai tsaye zuwa ƙafar Messi. Wani lokaci kuma da gangan yake jinkiri, ya tsaya da ƙwallo har sai wani ya ƙosa ya taso masa, don duk wanda ya taso ya bar rami a bayansa.

Wajen ƙwace ƙwallo ma ba ya bin mutum a guje. Yayin da Barcelona ke kai hari, shi yana matsowa gaba a hankali yana lura da inda ƙwallo za ta faɗo idan aka tare ta. Tana faɗowa ya riga ya miƙa doguwar ƙafarsa. Aikinsa ya yi kama da na mai ba da hannu a mahaɗar titi: ba a tunawa da shi sai ranar da bai zo ba.

Akwai kuma ɓangaren da magoya bayansa ba sa son a tayar. Ranar 28 ga Afrilu, 2010, a wasan kusa da na ƙarshe da Inter ta José Mourinho, hannun Thiago Motta na Inter ya taɓa fuskarsa, ya zube ƙasa ya rufe fuska da tafuka, kyamara ta kama shi yana leƙowa ta tsakanin yatsu ya ga ko alƙalin wasa ya ɗauki mataki. An ba Motta jan kati. Barcelona ta ci 1-0 amma Inter ce ta wuce. Wannan hoto ya bi shi har ƙarshen wasansa, kuma ba zalunci aka yi masa ba. Faɗuwa da wuri, da ɗan jan riga a tsakiyar fili don kashe harin ramuwa, duk suna cikin kayan aikinsa.

Da wannan sana'a ya ɗauki La Liga 9, Copa del Rey 7, da Gasar Zakarun Turai 3, a 2009 da 2011 da 2015. Messi da Xavi ne kaɗai suka fi shi yawan wasa a tarihin Barcelona. Amma shekarun da babu daɗi su suka fi nuna yadda aikin yake. Xavi ya tafi a 2015, Iniesta a 2018. Ƙungiyar ta daina matsewa wuri ɗaya, 'yan gaba suka rage bin ƙwallo idan ta kuɓuce, fili ya buɗe. Mutumin da hikimarsa ke aiki a cikin taku goma aka bar masa taku arba'in ya tsare. Roma ta ci su 3-0 a 2018, Liverpool 4-0 a 2019, Bayern Munich ta yi musu 8-2 a Lisbon a 2020, kuma a duk waɗannan an ga ana wuce shi a guje. Aka yi ta cewa ya tsufa. A ganina rabin maganar ke nan, domin da Xavi ya dawo a matsayin koci ya sake matse layukan, Busquets, yana kaftin kuma yana shekara 34, shi ya ɗaga kofin La Liga na 2023.

A bazarar shekarar ya bi Messi zuwa Inter Miami ta Amurka, inda daga baya Mascherano ya zama kocinsa, ya kuma rataye takalmi a ƙarshen kakar 2025. Ballon d'Or bai taɓa zuwa kusa da shi ba. Rodri, wanda ya gaje shi a tawagar Sifaniya kuma yake yi wa Guardiola wannan aiki a Manchester City a lokacin, shi ya ɗauka a 2024.

Barcelona kuwa ta sha wahalar cike gurbin. Ta ɗauko Oriol Romeu daga Girona, bayan kaka ɗaya ta mayar da shi aro. Xavi ya gwada Andreas Christensen, mai tsaron baya, a wurin. Daga ƙarshe La Masia aka koma, aka ɗauko Marc Casadó da Marc Bernal, yaran da suka tashi cikin da'irar rondo.