Mata Masu Ɗaukar Hoto Da Gasar Duniya

Yau zancenmu a kan sana'ar ɗaukar hoto ne, da yadda mace za ta kai aikinta gasar duniya. Duk mai zuwa gidan biki a nan cikin birni, daga Shahuci zuwa Yakasai har Ƙofar Mata, ta ga yadda 'yan mata suka fara rataya kyamara suna ɗaukar hoton kamu da wuni da suna, ana biyansu. Wannan abin murna ne. Sai dai galibi hoton yakan ƙare a wayar amarya da ta ƙawayenta, alhali kuwa ga wadda ta riƙi abin sana'a akwai gaba.

Cikin gasannin ƙwararrun masu ɗaukar hoto, wadda ta fi suna ita ce World Press Photo. An fara ta a birnin Amstadam na ƙasar Holan a 1955, da masu hoto 42 daga ƙasashe 11. A 2025 kuwa mutum 3,778 ne suka shiga daga ƙasashe 141, suka aika da hotuna 59,320. Ba a biyan ko kwabo don shiga. Tun daga 2022 aka raba duniya shiyya shida, Afirka ɗaya ce daga ciki, watau aikinki zai fara gogawa ne da wanda aka ɗauka a nahiyarmu kafin a je babban zaɓe.

Kada wata ta ce ai wannan fagen maza ne. A 1977 wata Bafaranshiya, Françoise Demulder, ta zama mace ta farko da ta ci babbar kyautar, da hoton da ta ɗauka a Berut lokacin yaƙin basasar Labanan. A 2025 ma mace ce ta ci, Samar Abu Elouf, Bafalasɗiniya, da hoton wani yaro ɗan shekara tara daga Gaza wanda ya rasa hannuwansa biyu a yaƙi. Daga Nijeriya kuma, Akintunde Akinleye ya sami kyauta a 2007 da hoton gobarar bututun mai da ta tashi a Abule Egba, Legas, cikin Disamba 2006.

A nan Arewa ma muna da waɗanda suka share mana hanya. Aisha Augie, wadda aka haifa a Zariya ta kuma yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, ta sami kyautar Future Awards a 2011. Fati Abubakar ta Maiduguri aikin jinya ta koya, amma a 2015 ta shiga ɗaukar hoton mutanen garinsu, 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu biki, domin duniya ta ga cewa Borno ba labarin bam kaɗai take da shi ba. Rahima Gambo kuwa ta yi aiki da 'yan matan makaranta a Maiduguri, ta sa wa wani jerin hotunanta na 2017 suna Tatsuniya.

To, yaya ake shiga? Da farko dai sai kin nuna shaidar cewa hoto sana'arki ce, kamar katin aikin jarida, ko takarda daga jarida ko kamfanin da ya sayi aikinki. Saboda haka matakin farko shi ne ki nemi a buga hotonki da sunanki a ƙarƙashi, ki kuma adana shaidar. Ta intanet ake aikawa, galibi daga Disamba zuwa Janairu. Kina iya aika hoto guda, ko jerin hotuna 4 zuwa 10 masu ba da labari ɗaya, ko dogon aikin da kika shekara uku ko fiye kina yi. Kowane hoto sai da bayani: su wane ne, a ina, yaushe, me ke faruwa. Ki shirya shi da Turanci mai sauƙi, in da hali wata malama ta duba miki.

Sa'an nan ga wurin da ya kamata mu buɗe kunne. Mun saba a hoton biki a goge ƙurajen amarya, a haska fata, a cire wadda ta gitta a baya. A wannan gasa duk haramun ne. Ba a ƙara kome a hoto, ba a cire kome, ba a shirya mutane su yi kamar suna aiki, ba a kuma karɓar hoton da kwamfuta ta ƙirƙira. Alƙalai sukan nemi asalin hoton kamar yadda ya fito daga kyamara su gwada. A 2015 an kori kashi 20 cikin 100 na ayyukan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda an taɓa su. Don haka ki ajiye asalin kowane hoto wuri biyu, kada katin kyamara ya lalace a yi biyu babu.

Me za ki ɗauka? Hawan Sallar Kano, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon al'adun duniya a Disamba 2024, kowa na ɗauka. Haka marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi, baƙi daga ko'ina sun sha ɗauka. Abin da namiji ba ya iya kaiwa gare shi shi ne cikin gida, domin iyakarsa zaure. Can ne ake dakan fura, ake kitso da ƙunshi, ake ɗinkin hula da tuyar ƙosai, ake zubin adashi, sana'o'in da suke ciyar da gidaje da yawa suna biyan kuɗin makarantar yara. In mu ba mu ɗauka ba, jikokinmu za su duba hotunan zamaninmu su ga dawaki da rawuna, su rasa kakanninsu mata.

Amma fa shiga cikin gida amana ce. Hoton da ya ci gasa akan yi yawo da shi birni-birni, a buga shi a jaridun duniya, in ya fita kuwa ba ya komowa. Ki gaya wa matar da za ki ɗauka wannan gaskiya dalla-dalla, ki nemi yardarta da ta maigidanta, yaro kuma sai da izinin iyayensa. Wadda ta ce a'a, ki rufe kyamara. Wadda ba ta son a ga fuskarta, hannunta a kan taɓarya ya isa ya ba da labari. Ke ma ki fara da shawartar iyayenki ko maigida, don aikin yana bukatar fita da kuma kuɗin kyamara.

A ƙarshe ina kira ga iyaye da malamai 'yan'uwana, in kun ga yarinya tana da ido a kan hoto, ku ƙarfafa mata gwiwa, ku sa ta riƙa rubuta bayanin duk abin da ta ɗauka. Wadda kuma ta shiga gasa ba ta ci ba, kada ta karaya, ta sake shiri baɗi, domin sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba mu sa'a, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.