Ruwa-ruwa: Man da Ba a Kiran Sunansa

A bakin titin da ya fita daga Birnin Konni ya nufi Malbaza, ba ka rasa ɗan teburi da kwalabe jere suna ƙyalli a rana. Ɗan kabu-kabu zai ja birki, ya ɗaga yatsa biyu, a tsiyaya masa, ya ƙara gaba. A gidan mai sunan abin esansi. A nan kuwa ruwa-ruwa ne, masu sayar da shi ƴan ruwa-ruwa.

Kalmar ta girmi sana'ar nesa ba kusa ba. In Bahaushe ya ninka suna, rage masa kaifi yake yi: gishiri-gishiri bai kai gishiri ba, barci-barci ba barci ba ne, tuwo kuwa in ya yi ruwa-ruwa, mai tuƙin ta ji kunya. Haka aka yi wa man da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya daga Illelar jihar Sakkwato (ba tamu ta jihar Tawa ba). Aka tsarma sunansa har ya zama abin da za a iya faɗa a gaban ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ba tare da ƙifta ido ba. A ganina nan gwanintar take: kalmar ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma amsa laifi ba. Kanawa bumburutu suke cewa, suna mai ƙarar faɗuwar jarka. Namu ya fi iya taku.

Arahar da tallafin man Najeriya ya kawo ita ta raini sana'ar. Matatar SORAZ da aka buɗe a Damagaram a 2011 ba ta kashe ta ba, rufe iyakar da shugaban Najeriya na lokacin, Buhari, ya yi a Agustan 2019 ma haka. Sai ranar 29 ga Mayun 2023, da magajinsa Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, riba ta tsuke.

Ba mu kaɗai mai ya shiga wa baki ba. Masu harshen Kantonis a Hong Kong, in za su ƙarfafa wa ɗalibi ko ɗan wasa gwiwa, sai su ce "ga yau", wato ƙara mai. Masu zanga-zangar 2019 sun yi ta rera ta a tituna. Kunnen Bakonne dai in ya ji "ga yau", jira zai yi a ce masa "ga gobe".